A Hana Baƙar Leda a Kaduna, Amma Kada a Fara da Mai Kayan Miya

Kwanakin baya ina tsaye gaban wani mai kayan miya a Kasuwar Kawo ina jiran a zo kaina, sai wata baiwar Allah da ke gabana ta sayi tumatir da attaruhu da tattasai da albasa. Kowanne aka zuba mata shi a ledarsa daban, sannan aka tattara su cikin babbar baƙar leda. Da ta ɗaga ta ji nauyi, sai ta ce a ruɓanya mata. Mai kayan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi ledar nan da kuɗi muke sayenta, kuma ta yi tsada yanzu." Ita kuwa ta ce in ba zai ƙara ba ya karɓi kayansa ya ba ta kuɗinta, ga masu tumatir nan birjik a kasuwa. Ya ƙara mata. Cefanen da bai wuce na miyar yini ɗaya ba ya bar wurin cikin leda shida, alhali ga ƙatuwar jaka rataye a kafaɗarta.

Abin ya tsaya mini a rai, domin dab da inda muke akwai kwata da ta cika maƙil da irin wannan ledar, ruwan ciki ya yi baƙi ya daina gudu, kuma a bakinta ake kasa abin da za mu kai gida mu ci.

Ra'ayina shi ne ya kamata Jihar Kaduna ta hana yi da sayar da siririyar ledar nan ta zuba kaya, wadda ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Sai dai ina da sharaɗi, kuma sharaɗin yana da nauyi a wurina daidai da hanin kansa. Dokar ta kama masana'anta da babban dillali, a ba mutane isasshen wa'adi, kada a wayi gari a ga jami'ai suna kifar da tiren mai ƙosai ko suna cin tarar mai kayan miya a kan abin da ba shi ya ƙera ba.

Maganar ba daga nesa take ba yanzu. A watan Janairun 2024 Jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso, sannan daga ranar 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da hani a kan wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya, ciki har da siririyar ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A watan Yunin 2024 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a daina amfani da irin waɗannan kayan a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya. Ko ba daɗe ko ba jima zancen zai iso mu, kuma gara mu tattauna shi tun kafin a kwafo mana dokar da aka ɗinka wa wasu a ce mu saka.

Ɓarnar da muke gani da idonmu

Duk wanda ya yi damina a Tudun Wada ko Rigasa ko Badarawa ya san yadda ruwan awa ɗaya a watan Agusta yake mayar da layi rafi. Gaskiya ne akwai masu gini a kan hanyar ruwa, kuma idan Kogin Kaduna ya tumbatsa babu ruwansa da leda. Amma ambaliyar cikin unguwa, wadda take shiga zaure ta jiƙa katifa ta zubar da katangar ƙasa, yawancinta daga toshewar magudana take farawa. Wanda ya taɓa shiga aikin gayya na yashe kwata ya san yadda abin yake: leda ɗaya ta maƙale a bakin kwalbati, wata ta zo ta liƙe mata, yashi da tarkace su taru a bayansu, kafin a ankara an sami bango. Ganye da takarda da ɓawon rake duk suna ruɓewa su wuce. Leda daga man fetur da iskar gas ake samo sinadarin yin ta, ba ta ruɓewa, iyakarta rana ta dake ta ta dagargaje ta zama ƙanana, su ma su ci gaba da zama a ƙasa da ruwa.

Idan ruwan ya janye, abin da ya rage a kwatar shi ne gidan sauro. Kuɗin da magidanci yake kashewa a kan zazzaɓin yaransa kowace damina, wani ɓangarensa kuɗin ledar da aka ba shi kyauta ne yake biya a kantin magani.

Wannan dalilin ne ya sa Bangaladash ta hana siririyar leda tun 2002, bayan an gano irin rawar da ta taka wajen toshe magudanai a manyan ambaliyoyin da suka yi wa ƙasar ta'adi. Ƙasa ce matalauciya mai cunkoson jama'a, saboda haka masu cewa hana leda gatan ƙasashen da suka ƙoshi ne su sake tunani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na dabbobi. A je mayanka a tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa idan ya farke tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo cikin gari. Zai ce leda ce, ta murɗe ta dunƙule ta yi tauri, wani lokacin haɗe da igiya da tsumma. Dabba tana jin ƙanshin gishiri ko mai ko guntun abinci a jikin leda, ta haɗiye ta, ledar kuma ba ta narkewa, ba ta fita. A hankali tumbin ya cika, dabbar ta rage cin abinci, ta yi ta ramewa ciki na kumbura, mai ita na ta sayen magani yana zaton tsutsar ciki ce. A garin nan akuya da tunkiya su ne asusun mace mai kiwo a gida. Da su take biyan kuɗin makaranta, da su take haɗa kayan ɗakin 'yarta. Idan tunkiyar da aka yi shekara ana yi wa dusa da harawa ta mutu saboda leda, babu hukumar da za ta rubuta wannan asara, amma gidan ya san an yi ta.

Manoman kewayen gari su ma suna da nasu ƙorafin. Tun kaka da kakanni ana kwasar takin juji a kai gona, domin toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci. Yau wanda ya sayi mota guda ta takin bola sai ya zauna tsince leda kafin ya watsa, wadda ta kuɓuce masa kuma fartanya ce za ta yi ta tono ta shekara da shekaru.

Sai hayaƙi. Inda motar shara ba ta zuwa, wuta ake cinna wa bola, unguwa ta yini cikin wari mai shaƙe maƙoshi. A gidaje da yawa ma da leda ake hura gawayi, uwa na fifita da goyo a bayanta. Haka nan mun saba da zuba koko da kunu da tafasasshen wake cikin leda, mu naɗe tuwo da zafinsa a ciki, mu dafa alale a ciki, alhali ba don abinci mai zafi aka yi ta ba, baƙar kuma sau da yawa daga narkakkiyar tsohuwar roba ake sake yin ta.

"Ai laifin rashin kwashe shara ne"

Wannan ita ce amsar da na fi ji daga bakin masu ilimi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Suna cewa da gwamnati tana kwashe shara a kan kari, da an tanadi wurin zubawa a kowace unguwa, da leda ba ta kai kwata ba. Na yarda kwashe shara a Kaduna bai wadatar ba, musamman a unguwannin da layukansu ba sa shigar mota, kuma hana leda ba zai sauke wa gwamnati wannan nauyin ba.

Amma a lura da abin da ke faruwa a bola. 'Yan bola-jari suna tsince ƙarfe da alminiyam da gorar ruwa da fasassun bokitai, domin suna da nauyi, ana auna su a sikeli a biya. Kaduna ma gari ne da ya iya mayar da tsohon abu sabo, duk wanda ya shiga Panteka ya shaida haka. Siririyar leda ce kaɗai kowa yake tsallakewa, saboda sai ka tara tuli kafin ta yi kilo ɗaya, ga datti da maiƙo da sai an wanke, kuɗin da za a samu bai kai wahalar ba. Abin da ɗan bola-jari ya raina, babu tsarin kwashe sharar da zai iya bin sa lungu-lungu, tunda iska kaɗai ta isa ta ɗauke shi daga kan bola ta rataye a kan waya ko reshen bishiya. Abu mai araha haka, mai yawa haka, wanda ba shi da daraja bayan minti ashirin da karɓarsa, a mafarinsa ake tare shi.

Abin da 'yan kasuwa ke tsoro

Mutane da yawa suna zaton 'yan kasuwa ne za su fi kowa ƙin wannan hani. Ni abin da nake ji daga masu shago da 'yan tireda ya bambanta da haka. Babu ɗan kasuwar da ke son leda don Allah. Kuɗi yake cirewa daga cinikinsa ya sayo ta bandir-bandir, ya raba wa mutane kyauta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 darajar naira ta faɗi, ita ma ta bi sahun sauran kaya ta hau. Wanda ribarsa a kan sabulu ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, idan ya ɗora leda a kai, wani lokacin ya yi cinikin banza.

Abin da yake tsoro shi ne maƙwabcinsa. Idan shi kaɗai ya daina bayarwa, ko ya ce a biya, mai saye zai kira shi marowaci ya koma shagon gaba. Saboda haka kowa yake ci gaba da abin da ya san asara ce, don kada ya zama na farko. A nan ne doka take da amfanin da wa'azi ba shi da shi, domin idan hani ya hau kan kowa a rana ɗaya, babu shagon gaban da za a gudu a je. Ina ganin idan aka zauna da shugabannin 'yan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da na Kasuwar Barci da na Kawo aka yi musu bayani ta wannan fuskar, za a sami goyon bayan da ba a zata ba.

Mu masu saye ne muka fi wuyar sha'ani. Mun ɗauki leda a matsayin gyara, haƙƙinmu ne, wanda ya hana mu ya ci mutuncinmu. Mutum zai sayi katin waya ko ashana ya tsaya jiran leda. Kuma ba kyauta ba ce kamar yadda muke zato, mai kaya ya riga ya lissafa ta a cikin farashi, har wanda ya zo da jakarsa yana biya wa wanda bai zo da ita ba. Ƙasar Ailan ta gwada abu mai sauƙi a 2002, ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda a kanti, amfani da ita ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne a wurinsu. Abin da ya canza shi ne an fara tambayar mutum ko yana so, shi kuma ya fara tambayar kansa ko yana bukata. Manyan kantunan Kaduna, masu na'urar lissafi da rasit, za su iya fara wannan gobe ba tare da sun jira kowa ba.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa a fili ba, kuma ina ganin ya cancanci a girmama shi. Baƙar leda rufin asiri ce. Magidancin da yau ƙarfinsa bai wuce gwangwani biyu na garin kwaki ba, ba ya son ya ratsa majalisar ƙofar gida kowa na ganin abin da ya sayo wa iyalinsa. Wanda ya sayo nama ma ba ya son idon maƙwabcin da bai samu ba. Wannan kunya ce mai kyau, kuma duk wanda zai yi wa mutanenmu maganar leda bai fahimci wannan ba, zai yi ta magana ne shi kaɗai. Amsar ita ce jakar yadi ko bakko ta fi baƙar leda rufe abin da ke cikinta, ba ta yagewa a tsakiyar titi ta tona asirin da aka ba ta amana, kuma ƙaramar jakar yadi tana naɗuwa ta shiga aljihun riga ko ƙarƙashin kujerar babur. Wasu mazan suna ganin riƙe jaka zuwa kasuwa raini ne, aikin yara ne ko na mata. Iyayenmu da suka rataya sanho ko suka ɗauki kwando zuwa cin kasuwa ba su ragu da komai ba.

Inda maganar take da wuya da gaske shi ne ƙulli. Talakan garin nan ba ya sayen galan na manja ko kwalin omo. Ƙulli yake saye: ƙullin man gyaɗa, ƙullin sukari, ƙullin gishiri, ƙullin barkono, ƙullin kanwa, daidai kuɗin da ke hannunsa a ranar. Dubban mata a cikin gidaje da wannan sana'ar suke rufa wa kansu asiri, kuma farar ledar ƙulli ita ce ma'auninsu, ita ce mazubinsu. Haka mai nama da mai kifi da mai markaɗe da mai fura da nono a bakin tasha. Wanda ya ce a hana wannan gaba ɗaya a dare ɗaya bai san yadda ake kwana a Rigasa ba.

Don haka nake raba ledar gida biyu. Akwai ledar ɗauka, mai hannu, wadda aikinta kawai ta kai kaya daga shago zuwa gida, kuma jaka ko kwando ko bokiti za su yi aikinta har su fi ta. Ita ce za a fara hanawa. Akwai kuma ledar ƙulli da ta abu mai ruwa ko maiƙo, wadda har yanzu ba ta da madadi mai arahar da talaka zai iya. Ita a bar ta tukuna, a riƙa jan hankali a hankali. Abinci mai zafi kuwa ba ya bukatar jiran doka. A 'yan shekarun baya yaro da kwano ko kofi ake aikensa sayen koko da ƙosai, alale a gwangwani ake dafa shi, mai tsire a takarda yake naɗewa, goro kuma har gobe a ganyen fita yake zuwa. Gidan da ya koma aika yaro da kwanon da ke da murfi bai yi asarar ko sisi ba.

Ruwan leda fa?

Kullum aka ta da zancen sai wani ya ce, to, fiya wata fa, ai ita ta fi cika kwata. Haka ne, tana cikin manyan masu laifi. Amma ba na goyon bayan a taɓa ta yanzu, domin a unguwannin da famfo ya daɗe da ƙafewa ita ce ruwan shan da mutane suka fi amincewa da shi, kuma hana ta kafin a kawo ruwa mai tsabta kiran kwalara ne. Legas ma da ta yi nata hanin ta bar ruwan leda da na gora a waje. Abin da ya dace shi ne a ɗora wa masu kamfanonin ruwan alhakin karɓar ledojinsu, su riƙa saye daga hannun masu tsinta, tunda ita tana da kauri kuma ana iya narka ta a sake amfani da ita.

Masu cin abinci a harkar

Akwai ma'aikatan masana'antun leda, akwai 'yan sari, akwai yaran da ke yawo cikin kasuwa da ledoji a hannu suna sayarwa suna haɗawa da dako. Kaduna ba garin da za a yi wa wasa da maganar rufe masana'anta ba ne. Mun ga abin da ya sami Kakuri bayan masaƙu sun durƙushe. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, kuma har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Duk wanda ya ce kada a ƙara jefa mutane cikin zaman banza, ina tare da shi.

Sai dai hana siririyar leda ba rufe masana'anta ba ne. Injin da ke hura siririya ana iya saita shi ya fitar da mai kauri, wadda za a saya da kuɗi a yi ta amfani da ita, in ta mutu kuma ɗan bola-jari ya ɗauka saboda tana da nauyi. Abin da mai masana'anta yake bukata shi ne a faɗa masa kaurin da aka yarda da shi da ranar da dokar za ta fara, a ba shi lokacin da zai sayar da abin da ya riga ya yi. Sannan buƙatar jaka za ta buɗe wata kasuwar. Teloli sun cika garin nan, da yawansu ba sa ganin aiki sosai sai gabanin salla, ga ƙyallaye da suke zubarwa, ga buhunan shinkafa da na fulawa da ake iya yankawa a ɗinke da hannu biyu. Yaron da ke tallar leda zai iya tallar jaka, ribar ma ta fi.

A nan sai an yi hattara da masu cewa a koma jakar takarda kawai. Arewa da ake sare itatuwanta dare da rana don gawayi ba ta da dajin da za ta mayar takarda, takarda kuma ba ta jure ruwan tumatir. Jakar yadi ita ma ba a sama take faɗowa ba, noman auduga da saƙa suna cin ruwa da wuta. Wani binciken hukumar kula da muhalli ta Ingila da aka fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi leda ɗaya sauƙi ta fuskar ɗumamar yanayi. Masu adawa da hani suna son kawo wannan adadin, amma gidan da ke cefane kullum zai cika shi kafin wata biyar, jakar kuma tana nan da ranta. Abin nufi shi ne a riƙe abu ɗaya a yi ta amfani da shi, ko da me aka yi shi.

Dokar da za ta yi aiki a nan

Hujja mafi ƙarfi da masu shakka suke da ita ita ce halin dokokinmu. A 2019 Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙudurin hana leda wanda ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara uku ga mai kantin da ya ba da ita, amma bai zama doka ba. Ni ban yi baƙin cikin hakan ba. Dokar da ta ce za a ɗaure mai tireda shekara uku a kan leda, kowa ya san ba za a ɗaure kowa ba, za dai ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro daga hannun marasa gata. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ana yawan buga misali da Ruwanda, wadda ta hana leda a 2008, har a filin jirgi da kan iyaka ake karɓe ta daga hannun matafiya, da kuma Kenya, wadda ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani, tarar da ta kai shilin miliyan 4 ko ɗaurin shekara huɗu. Titunansu sun yi sauƙin leda ƙwarai, wannan babu musu. Amma Kenya ta sha fama da masu fasa-ƙwaurin leda daga maƙwabtan da ba su hana ba, kuma wannan darasin ya fi shafar mu. Kaduna mararraba ce, motocin kaya daga Kano da Legas da Anacha suna ratsa ta dare da rana, Kano kuma cike take da masana'antun roba. Idan Kaduna ta yi hani ita kaɗai, ledar za ta shigo a ƙarƙashin buhun albasa. Gwamnonin Arewa a nan Kaduna suka saba taruwa, babu abin da zai hana a kai musu batun a amince da kauri ɗaya da rana ɗaya, hukumomin kula da muhalli, wato NESREA ta tarayya da irin su KEPA ta jiha, su san abin da za su auna.

Masana'antu da manyan dillalan leda ba su da yawa, an san inda suke, an san rumbunansu. Jami'i ɗaya da na'urar auna kauri a ƙofar masana'anta ya fi ɗari da aka saki cikin kasuwa suna kama mata. Idan siririyar ta daina fitowa daga can, mai kayan miya zai daina ba da ita ba tare da kowa ya ɗaga masa murya ba, domin ba zai same ta ba. Tara ta tsaya a kan mai yi da mai shigowa da ita mota-mota. Mai saye da ƙaramin ɗan kasuwa kuwa a bar su da tunatarwa.

Gwamnati kuma ta fara da kanta. Muddin ana raba abinci a leda a tarukanta, ana ba da magani a baƙar leda a asibitocinta, ba ta da bakin yi wa mai shayi faɗa. Bayan haka a ba da wa'adin da bai gaza shekara ɗaya ba, a yi amfani da shi wajen magana da mutane ta bakin waɗanda suke saurara: limamai a huɗubar Juma'a, fastoci ranar Lahadi, masu unguwanni, sarakunan kasuwa, da gidajen rediyon da garin nan ya yi suna da su. Ni da za a bi tawa, Sarkin Fawa za a fara gayyata gidan rediyo ya faɗa wa masu kiwo abin da yaransa suke cirowa daga tumbi, sannan a bar layin waya a buɗe matan da suka yi asarar dabbobi su yi magana da kansu.

Ranar fara aiki da dokar kuma a sa ta a farkon rani, bayan an yi gagarumin yashe magudanai, domin idan damina ta zo mutane su ga bambanci a layinsu. Duk kuɗin da aka tara na tara a bayyana shi a fili kowane wata uku, a kashe shi a kan kwalbatoci da motocin shara na unguwannin da ruwa ya fi ci, a kuma faɗi sunan kowace unguwa da abin da aka yi mata.